Wa Ya Jera Haruffan Nan? Tarihin Keken Rubutu Da Madannan Kwamfuta

 

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, na tabbata duk wanda ya ratsa ajin kasuwanci a cikinmu bai manta da ɗakin taifin ba, ɗakin nan mai warin man keke da tawada, wanda in an fara darasi a cikinsa sai ka ce ƙanƙara ke zuba a kan rufin kwano. Kekunan rubutun ba su kai yawanmu ba, saboda haka mutum biyu ko uku ke raba ɗaya, wanda layi bai zo kansa ba kuwa sai ya zana madannan a bayan littafinsa ya riƙa dannawa a kan takarda. Malam yana zagayawa da rula a hannu yana rera mana a-s-d-f, j-k-l, mu kuma muna amsawa da yatsu, duk wanda ya saci kallon hannunsa ya san sauran. Wata rana wani daga cikinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda yanzu dattijo ne mai jikoki, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me ba a jera haruffan nan A, B, C yadda muka koya a firamare ba?" Malam ya dube shi ya ce, "Haka aka ƙero shi. Kai dai buga." Aka yi dariya, aka ci gaba da aiki. To, tambayar nan ba ta banza ba ce, kuma amsarta ce nake so in kawo a wannan fitowa, ko da yake ta makara da shekaru masu yawa.

Tunanin yin na'urar da za ta yi rubutu a madadin alƙalami ya daɗe. Tun a shekarar 1714 wani injiniya a Ingila mai suna Henry Mill ya karɓi takardar mallakar fasaha a kan irin wannan na'ura, sai dai babu ita babu zanenta a yau. Abin sha'awa shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayansa ba ofis suke tunani ba, naƙasassu suke so su taimaka wa. Wajen shekarar 1808 wani mutumin Italiya, Pellegrino Turri, ya haɗa wata na'ura domin wata baiwar Allah makauniya ta riƙa rubuta wasiƙa da kanta, kuma wasu daga cikin wasiƙun nata suna nan a ajiye. Haka nan a ƙasar Denmak, Rasmus Malling-Hansen, shugaban makarantar kurame ta birnin Copenhagen, ya fito da tasa a 1870, mai kama da rabin ƙwarya a kife da aka soka wa madannai ta ko'ina. Tasa ta shiga kasuwa, ta yi aiki, amma ba ita ce ta haifi wadda muka sani ba.

Wadda muka sani a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin ta Amurka aka haife ta. Mai ita shi ne Christopher Latham Sholes, ɗan jarida kuma ma'aikacin ɗab'i, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar jiharsa. Da farko shi da abokinsa Samuel Soule injin buga lambobin shafi a kan littattafai suke ƙerawa. Wani na uku, Carlos Glidden, wanda suke haɗuwa da shi a maƙera guda, shi ne aka ce ya kawo shawarar cewa abin da ya iya buga lamba ai zai iya buga harafi. Ran 23 ga watan Yuni na 1868 suka sami takardar mallakar fasaharsu. Ga inda abokin namu mai tambaya zai ji daɗi: a kan wannan keke na farko, madannan sun yi kama da na fiyano, kuma a jere suke bisa tsarin A, B, C, daidai yadda ya nema. Ashe Sholes ya riga shi wannan tunani, aiki ne ya tilasta masa canzawa.

Domin a gane dalili, sai an san yadda cikin keken yake. Kowane harafi yana bakin wata sandar ƙarfe, sandunan kuma an rataye su a zagaye kamar bakin kwando, a ƙarƙashin takarda. In ka danna, sanda ta taso ta bugi takardar daga ƙasa, sannan nauyinta ya mayar da ita. Idan sanduna biyu maƙwabtan juna suka taso a jere da sauri, kafin ta farko ta koma ta biyu ta cim mata, sai su sarƙe. Daɗin daɗawa, da yake daga ƙasa ake bugun, mai rubutu ba ya ganin abin da yake bugawa, sai ya ɗaga kan keken ya leƙa. Wato mutum zai iya buga layi guda cur alhali sanduna sun daɗe da cijewa. Shekara biyar Sholes ya yi yana fama, yana sauya wa haruffa mazauni, yana ƙera sabon samfuri bayan wani. Wani mai kuɗi, James Densmore, ya zuba jari ya kuma tsaya masa a wuya, yana aika kekunan ga masu aiki da su don su gwada, in sun lalata a sake wani.

A nan ya kamata in gyara wata magana da ta yaɗu, wadda ni kaina na daɗe ina faɗa wa yara, cewa wai da gangan aka hargitsa haruffan don a rage wa masu bugu sauri. Wannan bai shiga hankali ba, domin ba a taɓa ɗan kasuwar da zai nemi kayansa su yi nawa ba. Abin da yawancin masu tarihi suka tafi a kai shi ne, an raba sandunan haruffan da ke yawan biyo juna a Turanci ne domin kada su sarƙe, wanda hakan sauri yake ƙarawa. Akwai kuma wasu masana biyu na Jami'ar Kyoto a Japan, Koichi Yasuoka da Motoko Yasuoka, waɗanda a 2011 suka kawo hujjar cewa ma'aikatan wayar tangaraho, da suke cikin masu fara aiki da keken wajen rubuta saƙon da suke saurara, su ne buƙatunsu suka yi tasiri a kan jerin. Ni dai a ganina duka biyun za su iya zama gaskiya, tunda ba rana ɗaya aka yi jerin ba, kuma ba mutum ɗaya ya sa hannu ba. Wanda yake son ganin burbushin tsarin farko, ya dubi layin tsakiya na madannan da ke gabansa: D, F, G, H, J, K, L. Ai A, B, C ɗin ne, an zare wasulan E da I an kai su sama.

A 1873 Densmore ya kai samfurin ga kamfanin Remington da ke garin Ilion a jihar New York. Wannan kamfani na maƙeran bindiga ne. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 ciniki ya ja baya, sai suka shiga ƙera keken ɗinki da kayan noma. Saboda haka da keken rubutu ya fito kasuwa a 1874, kamanninsa na keken ɗinki ne sak: an ɗora shi a kan teburinsa, an yi masa zanen furanni, har da abin takawa da ƙafa, wanda aikinsa shi ne mayar da takarda farkon layi. Wanda ya fara raɗa wa tafireta suna "keken rubutu" da Hausa, ko ya san wannan tarihi ko bai sani ba, ya dace ƙwarai. Makanikan Remington sun ɗan taɓa jerin haruffan, har da ɗauko R suka kai shi layin sama, daga nan aka sami Q, W, E, R, T, Y, waɗanda jerin ya ci sunansu har yau.

Kasuwa ba ta karɓe shi da wuri ba. Kuɗinsa dala 125, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne a lokacin, ga shi manyan baƙaƙe kaɗai yake bugawa. Cikin shekara huɗu abin da aka sayar bai wuce kimanin 5,000 ba. Ana ma ba da labarin cewa wasu in an aiko musu da wasiƙa bugaggiya sai su ji haushi, su ɗauka ana nufin ba su iya karanta rubutun hannu ba. Sai a 1878 aka fito da Remington mai lamba 2, wanda aka ɗora wa kowace sanda harafi biyu, babba da ƙarami, aka kuma sa wani maɓalli da ke gusar da gangar takardar kaɗan domin harafin da ake so ya sauka a kanta. Wannan gusarwa ita ce ma'anar kalmar Shift da Turanci. Yau babu abin da ke gusawa a cikin kwamfuta, amma sunan ya zauna.

To amma me ya sa jerin Sholes ya rinjayi sauran? Domin a shekarun 1880 akwai kamfanoni da dama, kowa da nasa jerin. Keken Caligraph, alal misali, madannan manyan baƙaƙe daban, na ƙanana daban. A nan ne maganar ta bar hannun maƙera ta koma hannun malamai, kuma wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk tarihin. Da farko da yatsa biyu ake bugu, ana nema ana tsattsaga kamar kaza. A 1881 ƙungiyar YWCA ta birnin New York ta buɗe aji ta koya wa 'yan mata takwas taifin, abin da ya zama mafarin shigar mata aikin ofis da yawa a can. A 1882 wata malama a birnin Cincinnati, Uwargida Longley, ta fara koyar da bugu da yatsun hannu biyu. Sannan ran 25 ga Yuli, 1888, aka yi wata gasa a wannan birni, inda wani akawun kotu daga Salt Lake City mai suna Frank McGurrin, wanda ya haddace madannan Remington har ba ya duban hannunsa, ya kayar da abokin karawarsa mai aiki da Caligraph, ya tafi da dala 500. Jaridu suka baza labari. Ashe rular Malam tana da asali.

Daga nan abin ya zama kamar igiya mai harɗe uku. Makarantu suna koyar da jerin da ya fi yawa a ofisoshi, ofisoshi suna sayen keken da ma'aikata suka iya, kamfanoni kuma suna ƙera abin da ofisoshi ke saye. A 1893 manyan kamfanoni biyar, wato Remington da Caligraph da Smith Premier da Densmore da Yost, suka haɗe a ƙarƙashin inuwa ɗaya, jerin QWERTY ya zama shi ne na kowa. Ba a jima ba kamfanin Underwood ya fito da keken da wani Bajamushe mazaunin Amurka, Franz Wagner, ya tsara, wanda sandunansa ke bugun takarda ta gaba, mai rubutu yana ganin kowane harafi yana sauka. Gani ya kori ji. Wannan siffa ta Underwood ita ce kusan duk kekunan da muka sani suka gada, ko Imperial na birnin Leicester a Ingila, ko Olympia na Jamus, ko Olivetti na Italiya, wanda Camillo Olivetti ya kafa a garin Ivrea a 1908.

An yi ƙoƙarin tumɓuke jerin. Wanda ya fi shahara shi ne na Dokta August Dvorak na Jami'ar Washington da ke Seattle, wanda shi da surukinsa William Dealey suka sami takardar mallakar sabon jeri a 1936. Sun tara wasula biyar a layin tsakiya ƙarƙashin hannun hagu, baƙaƙen da aka fi amfani da su kuma ƙarƙashin hannun dama, domin yatsu su rage yawo. A takarda abin ya yi ma'ana. Wani gwaji da rundunar sojan ruwan Amurka ta yi a 1944 ya yaba masa, amma wani da gwamnatin ƙasar ta sa aka yi a 1956 ya nuna ribar ba ta kai wahalar sake horar da ma'aikata ba. Har masana tattalin arziki sun shiga gardamar: Paul David a 1985 ya kafa misali da QWERTY a kan yadda abin da ya riga shiga yakan danne wanda ya fi shi kyau, wasu biyu kuma, Liebowitz da Margolis, suka mayar masa da martani a 1990 cewa ba a tabbatar da fifikon na Dvorak ɗin ba. Mu dai da muka sha rula, mun san abin da ya sa. Wa zai yarda ya koma a-s-d-f bayan ya kai kalma hamsin a minti? Sabo, in ji Hausawa, turken wawa.

A ƙasarmu keken rubutu tare da mulkin Turawa ya shigo, ya zauna a ofishin Razdan da na Di'o da na En'e da kantunan kamfanoni. Saɓanin Amurka, a nan maza ne suka fara riƙe shi, kuma da yawa daga akawunan farko a Arewa daga Kudu suka zo, wasu ma daga Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau. Bayan yaƙin duniya na biyu aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda daga baya ta zama cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo. Zuwa zamaninmu, takardar shaidar RSA ko ta Pitman a kan taifin da shothan ta isa ta sama wa mutum aiki, ya yi aure ya riƙe gida. Wanda bai sami ofis ba kuwa sai ya kafa teburinsa a gindin bishiya a bakin kotu ko gidan waya, yana buga wa jama'a takardar rantsuwa da ta neman aiki da ta koke.

Kowa a cikinmu zai tuna dabarun aikin. Yawancin kekunan ba su da lamba 1, ƙaramin L ake bugawa a madadinta. Alamar motsin rai sai an haɗa ta: a buga ɗigon sama, a koma baya, a buga aya a ƙarƙashinsa. Kekunan Ingila da alamar fam suka zo, saboda haka da aka canza kuɗi zuwa naira a farkon 1973, sai akawu ya buga N, ya koma baya, ya hau ta da alamar daidai. Ga takardar kabon, wadda in ka juya ta baibai sai kwafin ya fito a bayan takardar farko, ka sake aiki daga tushe. Ga sitensil na jarrabawa, da jan ruwan nan mai warin jan farce da ake shafe kuskure da shi kafin a kai injin gurzawa. Farin ruwan gyara kuwa, wata sakatariyar banki ce a birnin Dallas, Bette Nesmith Graham, ta fara haɗa shi a ɗakin girkinta a shekarun 1950, don ta gaji da sake buga shafi saboda harafi ɗaya.

Amma akwai matsalar da dabara ba ta iya warwarewa ba, kuma ita ce ta fi shafarmu. Sholes don Turanci ya yi jerinsa. Harafin da ya fi kowane yawa a Hausa shi ne A, ku ƙirga a wannan layin ku gani, amma ina aka ajiye shi? A ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsan hannun hagu, wanda ya fi kowane rauni. Duk wanda ya taɓa buga shafi goma na Hausa a kan tsohon Imperial ya san yadda yatsan nan ke tsami. Ko Dvorak ma, da ya canza kusan komai, a nan ya bar shi. Sannan ga Q da V da X sun mamaye gurabe alhali ba mu da abin yi da su, su kuwa ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ba a layi biyu na Hausa ba tare da su ba, ko gurbi ɗaya ba su samu ba.

Waɗannan haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabancin hukumar talifi a Zariya. Kafin nan ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin harafi, ko a rataya masa waƙafi a sama. Maɗaba'a tana iya sayen sababbin haruffan dalma, shi ya sa littattafan makaranta suka riƙa fitowa da ƙugiyoyinsu. Akawu kuwa ba shi da wannan gata. Ko dai in ya gama bugu ya bi takardar da biro yana lanƙwasa kan kowane b da d da k da hannu, ko ya kai keken wurin makaniki a cire wata alamar da ba a cika buƙata ba a liƙa masa harafi mai ƙugiya, ko kuma, abin da aka fi yi, ya bar su haka nan mai karatu ya yi ta kansa. Ta haka ƙasa ta zama kasa, ƙura ta zama kura, ɓata ya zama bata. Na taɓa buga takardar gayyata ta wani taro a inda na fara aiki, na manta ban bi ta da biro ba, aka gurza aka raba. Washegari wani dattijo masanin Hausa ya kira ni, ya nuna mini inda na rubuta cewa an tanadi kujerun gaba domin "manyan baki", ya tambaye ni ko da ma'auni za a tsaya a ƙofa ana gwada bakin kowa. Ban sake mantawa ba.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba, kuma wasu sun fi mu tsayawa a kan nasu. Faransawa sun juya jerin ya koma AZERTY, suka sama wa wasulansu masu alama gurabe, shi ya sa in ka zauna gaban kwamfuta a Maraɗi ko Damagaram sai ka ga A ta hau sama inda ka saba ganin Q. Jamusawa sun musanya Y da Z. Mutanen Japan tun 1915 suka ƙera nasu keken mai haruffa sama da dubu biyu. A Nijeriya sai a shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa na bai-ɗaya domin harsunan ƙasar, bisa shawarar da Farfesa Kay Williamson ta gabatar a 1981, har aka ƙera keken rubutu mai ɗauke da su. Aiki ne mai kyau, sai dai ya zo a daidai lokacin da rana ta fara yi wa keken rubutu kansa yamma.

Faɗuwar tasa daga cikin gida ta fara. A 1961 kamfanin IBM ya fito da keken lantarki mai suna Selectric, wanda ba shi da sanduna ko kaɗan. Wata 'yar ƙwallo ce mai ɗauke da alamomi 88 take juyawa tana bugun takarda, kuma ana iya cire ta a sa wata mai wani salon rubutu. Ku lura, daga wannan rana babu sauran abin da zai sarƙe, wato dalilin da ya sa Sholes ya wahala ya kau. Duk da haka ba a taɓa jerin ba, domin yatsun miliyoyin sakatarori sun riga sun haddace shi.

Ita kuwa kwamfuta, da farko ba ta da madannai irin waɗannan. Da kati mai huji ake ba ta umarni, a kai tarin katuna a dawo gobe a karɓi amsa. Da aka so mutum ya yi magana da ita kai tsaye, sai aka ɗauko na'urar da ke hannu, wato injin aika saƙon waya mai bugawa da kansa, irin na teles da wasunmu suka tarar a gidan waya da ɗakunan labarai. Shi kuwa wannan inji madannan keken rubutu gare shi. Ta wannan ƙofa QWERTY ya shiga kwamfuta, ya shigo da kayansa duka. Maɓallin Return sunan mayar da kan keke farkon layi ne, aikin da muke yi da mariƙin nan na hagu in ƙararrawa ta kaɗa. Tab na tsara jadawali ne. Haruffa biyun nan "cc" da ke kan wasiƙar imel, kwafin kabon suke nufi, ko da yake yaran yanzu ba su taɓa ɓata hannunsu da shi ba. Hatta yadda layukan madannai suka ɗan goce wa juna, ba su daidaita a tsaye ba, asalinsa don a bar wa ƙarafan da ke ƙarƙashin kowane madanni hanya ne. Da IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a watan Agusta na 1981, madannanta 83 ne. Bayan 'yan shekaru aka kai su 101, kuma kusan wannan tsari ne ke kan teburan ofisoshi har yanzu.

Sai dai kwamfuta ta gaji har da wariyar da aka yi wa haruffanmu. A 1963 aka tsara wani ma'auni a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambar da inji zai gane shi da ita. Gurabe 128 ne kacal, kuma haruffan Turanci ne suka cika su. Saboda haka da kwamfuta ta fara yawaita a jami'o'i da gidajen jaridu da shagunan buga takardu a shekarun 1990, sai muka koma gidan jiya, har gara keken rubutu, tunda shi ana iya kai shi wurin makaniki. A wannan lokaci ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffan kwamfuta masu ƙugiya, abin da ya taimaki marubuta da maɗaba'u ƙwarai. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba a zaunar da harafin Hausa a kai, daidai abin da makaniki ke yi da dalma. Illarta ɗaya: in aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai alamar asali ta dawo. Wanda ya taɓa ganin an rubuta }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya, to abin da ya faru ke nan.

Maganin na dindindin ya zo ne da tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, aka nufi ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. Ɓ da ɗ da ƙ sun sami nasu, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. An ɗauki shekaru kafin manhajoji su kama, amma yau rubutu mai ƙugiya yana tafiya daga Kano zuwa Yamai ko Kumasi ya isa yadda aka aika shi.

Kekunan kansu sun yi ta janyewa sannu a hankali. IBM ya rabu da sashen kekunansa a 1991, Smith Corona ya durƙushe a 1995, kamfanin Godrej na Indiya ya sanar da ƙarewar nasa a 2011, a 2012 kuma masana'antar Brother da ke Birtaniya ta ƙera na ƙarshe ta miƙa shi gidan tarihin kimiyya na Landan. Jerin Sholes kuwa ya tsallake. Wayoyin hannu da suka shigo mana a 2001 sun ɗan dawo da A, B, C a kan maɓallan lambobi, inda sai ka danna 7 sau huɗu kafin ka sami S, amma da waya mai fuskar gilashi ta yaɗu bayan 2007, sai ga QWERTY ya sake bayyana, a wurin da babu sanda, babu ƙarfe, kuma da babban yatsa ake bugu.

Bambancin da aka samu shi ne, madannan gilashi zane ne kawai, ana iya canza su ba tare da an je wurin makaniki ba. A yawancin wayoyin yanzu, in ka shiga wurin saitin harshe ka ƙara Hausa, za ka sami ɓ da ɗ da ƙ, ko dai a fili ko kuma in ka danne b ko d ko k ka ɗan riƙe. Jikata ce ta nuna mini, cikin abin da bai kai minti biyu ba. Duk da haka saƙonnin da muke aika wa juna, har da na wasu da suka ci Hausa da daraja ta ɗaya a ajinmu, yawancinsu ba ƙugiya ko ɗaya, kuma yaran da ke karanta su suna ɗauka haka ake rubutawa. Ina roƙon kwamitin wannan mujalla ya sa sharaɗi cewa duk maƙalar Hausa da za a aiko ta zo da ƙugiyoyinta. Haka kuma, in akwai wanda ya san inda kekunan ɗakin taifin suka shiga, ya sanar da sakataren ƙungiya kafin taro mai zuwa, ko guda ɗaya ne a gyara a ajiye a laburaren makaranta. Kuɗin kintinkiri da mai, ni na ɗauka.